Mashayi: Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma ɗora masa nauyi gwargwadon hankalin nan. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata takarda da wani ɗalibi ya aiko wa wannan fili. Ɗalibin nan yana karatun yadda jikin mutum ke aiki a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ya kuwa ƙudurta zai zurfafa a kan ɓarnar da miyagun ƙwayoyi ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ya ce malaminsa yana koya musu cewa jarabar shaye-shaye cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Da ya zo hutu ya faɗi haka a gida, sai mahaifinsa ya ce ashe kuɗinsa yake kashewa domin a koya wa ɗansa nema wa mashaya uzuri. Abin da ya sa maganar ta yi zafi kuwa, akwai ƙanensa a gidan wanda kodin ya kama, har sau uku yana rantsuwa zai bari, sau uku kuma yana komawa. To, sai ɗalibin ya yi tambaya: idan cuta ce, don me za a yi wa ƙanensa hisabi a kanta? Idan kuwa laifi ne tsantsa, shin abin da yake gani a ɗakin gwaji ƙarya ne? Kuma shin ya kamata Musulmi ya ɓata shekarunsa a kan irin wannan karatu?

Tambayar ba ta gida ɗaya ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa shan wata ƙwaya mai sa maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Mutum ɗaya cikin huɗu daga cikinsu mace ce. Saboda haka akwai iyaye da yawa da ke kwana da wannan tambaya a zuci.

Abin Da Masana Suka Gano

Kafin a yanke hukunci a kan wani abu, wajibi ne a san hakikaninsa. Don haka bari mu fara da abin da ake koya wa ɗalibin nan.

A 1954, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, waɗansu masana biyu, James Olds da Peter Milner, sun dasa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli. Duk sa'ad da ɓeran ya danna maɓallin sai ɗan lantarki ya taɓa wurin. Sai ga ɓera yana ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa cikin sa'a guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye masu yunwa suna barin abinci domin maɓallin. Daga nan aka fahimci cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da aka halitta domin ta zaburar da dabba zuwa ga abin da zai amfane ta, kamar abinci da ruwa da neman zuriya. Saƙon da ke bin wannan hanya kuwa, wani sinadari ne ke ɗauke da shi mai suna dofamin, wanda Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancinsa a ƙarshen shekarun 1950, har aka ba shi kyautar Nobel a 2000.

A 1973 kuma, Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka tabbatar da cewa a jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa akwai waɗansu gurabe waɗanda morfin da 'yan'uwansa ke shiga daidai, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Mutane suka yi mamaki: me ya sa za a halicci kwaɗo a jikin mutum alhali mabuɗinsa yana cikin wani tsiro? Amsa ta zo a 1975 daga Aberdeen, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki yana da nasa mabuɗan, watau sinadaran da yake ƙerawa da kansa domin rage zafin ciwo. Ashe kodin da tiramol da hiroyin mabuɗan ɓarawo ne, waɗanda suka dace da kwaɗon da ba domin su aka yi shi ba.

Ƙwayoyin maye sun bambanta a hanyar aikinsu, amma kusan dukkansu suna tarayya a abu guda: suna sa dofamin ya kwarara fiye da yadda abinci ko wani jin daɗi na halal ke sa shi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta son ambaliya. Idan abin ya yawaita sai ta rage guraben da ke karɓar saƙon. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna ƙarancin waɗannan gurabe ga mutanen da suka daɗe suna shan hodar iblis ko giya. Sakamakon haka shi ne, kwalba ɗaya da ta ishe shi bara, bana sai uku. Tuwon gida da hira da iyali da sauran abubuwan da ya saba jin daɗinsu duk sai su zama lami. Idan ya kwana bai sha ba, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da ƙuncin rai su taso masa. Daga nan shansa ya koma na gudun azaba.

Akwai wani abu kuma da Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan suka bayyana a 1993, wanda duk mai ɗa mashayi zai gane shi. Sun nuna cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban, kuma hanyoyinsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. Yawan sha yana ƙara wa kwaɗayin ƙarfi alhali daɗin yana raguwa. Shi ya sa idan yaro ya ce wa mahaifiyarsa, wallahi ba ya jin daɗin abin nan amma ya kasa bari, mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa. Har wa yau kwaɗayin nan yakan manne wa wurare da mutane: ganin tsohon aboki, ko wucewa ta lungun da aka saba saye, ya isa ya tayar da shi ko da bayan watanni. Sa'an nan sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda aikinsa shi ne auna sakamako da tsawata wa zuciya, yakan yi rauni ga wanda ya daɗe yana sha. Wannan sashe kuwa ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara tun yana ɗan shekara 15 ya fi shiga haɗari.

Bisa ga irin waɗannan hujjoji ne Alan Leshner, shugaban cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka a lokacin, ya rubuta a 1997 cewa jarabar ƙwaya cutar ƙwaƙwalwa ce. Malamin ɗalibinmu bai ƙaga maganar daga kansa ba.

Tsohuwar Gardama Cikin Sabuwar Riga

To, jama'a, idan ƙwaƙwalwa ta sāke, shin mai ita ya fita daga cikin waɗanda ake tambaya? Wannan gardama ta girmi jami'o'in da muka ambata. Tun ƙarni na biyu na Hijira akwai Jabariyya, mabiya Jahamu ɗan Safwanu, masu cewa bawa ba shi da zaɓi, tilasta shi ake yi. Akwai kuma Ƙadariyya masu cewa bawa shi ke halittar aikinsa, babu abin da ke iyakance ikonsa. Ahlus Sunna suka bi tsakani: Allah ne Mahaliccin kome, amma bawa yana da zaɓi da tsuwurwuri, a kansu ne kuma ake yi masa sakayya. Mai cewa "ƙwaƙwalwata ce ta sa ni" ya ɗauki maganar Jabariyya ya sa mata farar rigar likita. Mai cewa kuma "ai in ya ga dama yau ɗin nan zai bari" ya karkata wajen Ƙadariyya, domin ya manta cewa ikon bawa yana ƙarfi yana rauni.

Abin sha'awa shi ne, binciken masana da kansa bai goyi bayan Jabariyya ba. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da yawan sojojinta da ke shan hiroyin a yaƙin Biyetnam, sai aka ɗora wa wata masaniya mai suna Lee Robins aikin bin sawun waɗanda suka dawo gida. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ya ce ƙwayar ta kama shi a can. Amma daga cikin waɗanda ta kama, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kaɗai suka koma cikin jarabar a shekarar farko bayan dawowa, cikin shekara uku kuma kimanin kashi 12. Sun bar fagen yaƙi, sun bar abokan sha, sun bar inda ƙwayar ke da araha, sun komo cikin iyali da sana'a, sai yawancinsu suka rabu da ita. A farkon shekarun 1990 kuma Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya nuna cewa idan ana ba masu shan hodar iblis 'yar kyauta duk sa'ad da gwajin fitsarinsu ya fito da tsabta, da yawa sukan daure su ƙaurace mata. Mai zazzaɓin cizon sauro ba ya warkewa don an yi masa alkawarin kyauta. Saboda irin wannan ne waɗansu masana, kamar Gene Heyman da Marc Lewis, suka ƙi yarda a kira abin cuta kai tsaye, gardamar kuwa tana nan a tsakaninsu. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne: zaɓin mashayi ya raunana ƙwarai, amma yana nan da sauran numfashi.

Malaman fiƙihu sun riga sun yi irin wannan tantancewa. Hadisi ya zo da cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, watau mai barci da yaro da mahaukaci, mashayi kuwa ba ya cikinsu. A mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, wanda ya bugu ta hanyar haram, idan ya yi kisa ko ɓarna ko saki, duk suna hawa kansa, amma cinikinsa da iƙirarinsa ba su lizimce shi ba. Wanda kuwa ya bugu ba da saninsa ba, ko ta hanyar magani na halal, hukuncinsa hukuncin wanda hankalinsa ya gushe ne. Ka ga ke nan sun yarda hankalin mai maye ya tawaya, shi ya sa suka kare dukiyarsa. Sun kuma duba ƙofar da ya bi ya shiga, shi ya sa ba su sauke masa alhakin ɓarnarsa ba. Wanda ya faɗa rijiya da gangan ba shi da ikon tsayawa a tsakiya, amma yana da ikon ƙin faɗawa tun farko, yana kuma da ikon kama igiya idan an zura masa. A waɗannan wurare biyu ne tambaya ta fi nauyi a kan ƙanen mai takardarmu: ranar da ya fara, da kuma kowace ranar da aka miƙa masa taimako. Gwargwadon abin da ya rage masa na iko a tsakanin haka, wannan saninsa yana wurin Allah, wanda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar mana ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Kada kuma a ɗauka cewa sākewar ƙwaƙwalwa hujja ce ta tilas. Kowane abu da mutum ya maimaita yana barin sawu a ƙwaƙwalwarsa, har da haddar Alƙur'ani da koyon ɗinki. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya kawo misalin mai koyon rubutu, wanda ke wahalar da hannunsa yana kwaikwayo har kyakkyawan rubutu ya zame masa ɗabi'a, ya ce haka halaye suke kafuwa, nagari da munana. Hadisi kuma ya ba da labarin baƙin ɗigo da zunubi ke bari a zuciya, wanda ke yaɗuwa idan an ci gaba, yake kuma gogewa idan an tuba. Ba mu ce zuciyar da hadisi ke nufi ita ce ƙwaƙwalwar da likita ke ɗauka a hoto ba, kuma muna gargaɗin ɗalibai da su guji gaggawar ɗaura ayoyi a kan kowane sabon bincike, domin bincike yana sākewa. Amma dai hotunan nan sun nuna cewa waɗansu sassan da ƙwaya ta lalata sukan fara farfaɗowa idan mutum ya yi shekara guda ko fiye bai sha ba.

Yadda Shari'a Ta Bi Da Al'amarin

Duk wanda ya karanci wannan fanni sa'an nan ya waiwayi yadda aka haramta giya, zai ga hikima. Ba a hana ta rana ɗaya ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta fara nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, salloli biyar kuwa sun rarraba yini, sai lokacin sha ya ƙuntata. Daga bisani ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba, amma sai da imani ya zauna tukuna. Haramcin ya tabbata, babu mai sassauta shi a yau. Darasin da ya rage mana shi ne na yadda ake jinyar wanda ya riga ya faɗa.

A lura kuma, umurnin da ya zo a Ma'ida na nisanta ne, hadisi kuma ya hana mumini zama a wurin da ake zagayawa da giya. Haka nan a labarin mutumin nan da ya kashe rai ɗari, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umurce shi da ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Wanda ya san yadda kwaɗayi ke manne wa lungu da aboki, ya kuma san labarin sojojin Biyetnam, ba zai yi mamakin wannan shawara ba. Rantsuwa uku da yaron nan ya yi, in a ɗakin da ya saba ya yi su, abokan nan kuma suna jiransa a ƙofar gida, to, an bar shi da kokawar da ta fi ƙarfinsa.

Sa'an nan ga labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himaru, mai ba Manzon Allah dariya, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala. Rannan da aka sake kawo shi sai wani ya la'ance shi saboda yawan kawowar. Annabi ya hana a la'ance shi, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya game da wani mashayin, ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsai da hukunci, an kuma tsare mutuncin mai laifin, an bar shi cikin jama'a. Ina wannan, ina abin da aka gani a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya? Iyayen da suka kai 'ya'yansu can, yawancinsu ƙauna ce da rashin sanin inda za su dosa suka kai su. Da muna da isassun masana wannan fanni, da asibitoci irin na Barnawa da Kware da Maiduguri sun wadatu da ma'aikata, da an rage masu bin waccan hanya.

Har ila yau, hadisin da ya ambaci la'ana a kan giya ya lissafa mutum goma, mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne masu matsawa da ɗauka da sayarwa da cin kuɗinta da makamantansu. Ilmin ƙwaƙwalwa yana ƙara nauyin wannan, domin ya nuna cewa mai sayarwa yana cin riba ne daga raunin da hajarsa ta haifar. A Amurka, kamfanin da ke yin maganin ciwon nan OxyContin ya amsa laifi a 2007 na yaudarar mutane game da haɗarin kamuwa da shi, aka ci shi tarar kimanin dala miliyan 600. A 2021 kuwa mutanen da ƙwaya ta kashe a ƙasar sun haura 100,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ta hannun likita suka fara. A nan gida ma sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Mai kantin maganin da ke miƙa wa ɗan shekara 16 kwalba ba tare da takardar likita ba, da lafiyayyen hankalinsa yake yi, ba shi da ko ɗan uzurin da yaron ke da shi.

Amsa Ga Mai Tambaya

Game da karatun kuwa, malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Gazali ya kuma sanya ilmin likita cikin farillan kifaya, watau waɗanda in babu mai yi a gari, kowa ya yi laifi. Tun a ƙarni na bakwai na Hijira, Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar, ya zauna ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke gurɓata hankali, da abin da ke gusar da ji da gani, domin hukuncinsu ya bambanta. Wannan aiki ne na mai lura da yadda abubuwa ke aiki a jiki. Yau ma muftinmu yana bukatar mai gaya masa gaskiyar abu. Ga misali: hadisi ya nuna cewa giya cuta ce, ba a magani da ita, to, mene ne hukuncin metadon, maganin da likita ke ba wanda hiroyin ta kama da awo domin ya kwantar masa da azabar bari, alhali shi ma daga dangin ƙwayoyin nan yake? Ƙasar Malesiya ta fara shirin ba da shi a 2005. Malami ba zai yi fatawa mai inganci a kan wannan ba sai ya san ko awon da ake bayarwa yana bugarwa, likita kuma ba zai samu amincewar iyaye ba sai malami ya yi magana. Musulmin da ya haɗa sanin ɓangarorin biyu, shi ake nema.

Saboda haka, ya kai ɗana mai tambaya, ci gaba da karatunka da kyakkyawar niyya. Ka riƙe amanar ilmi: kada ka faɗi abin da bincike bai tabbatar ba, ka tuna cewa ɓera ba mutum ba ne, ka kuma tausaya wa dabbobin da kake gwaji da su. Ka gaya wa mahaifinka cikin ladabi cewa yana da gaskiya da ya ƙi a mai da cuta mafakar laifi, sa'an nan ka nuna masa cewa sanin yadda tarko ke kamawa shi ke taimakon mai kwance shi. Ƙanenka kuwa mai laifi ne da ake kira zuwa ga tuba, kuma majinyaci ne da ya kamata a kai wa likita, ɗaya bai kore ɗaya ba. Ku kai shi asibiti, ku raba shi da lungun da abokan, ku nema masa abin yi, ku riƙa tafiya masallaci tare. In ya sake faɗuwa, ku sake ɗaga shi, gama Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.